Kafin a ƙera manhaja, a fara ƙirga ɗakunan da ke tsakanin Tiga da Riruwai

A ɗauka wani magidanci ne a Kaduna ya ji labarin Dam ɗin Tiga, yana so ya kai iyalinsa su yi kwana biyu a lokacin hutun makaranta. Abin da zai fara yi shi ne ya ɗauko waya ya buɗe Google Maps. Zai ga ruwan, shuɗi, a shimfiɗe kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. Daga nan sai tambayoyi. Ina za a kwana? Nawa ne ɗaki? Akwai wuta da dare? Ana barin mutum ya matsa bakin ruwa, ko sai da izini? In ya ci sa'a ya sami lambar waya, ba lallai ta shiga ba. Ƙarshenta sai ya kama ɗaki a cikin birni, ya zo Tiga da hantsi, ya ɗauki hotuna, ya juya kafin la'asar. Kuɗin kwana, na abincin dare, na soyayyen kifi, na ɗan acaɓa, duk sun bi shi sun koma birni.

Ba haka aka tsara wa yankin ba tun farko. Gwamnatin Audu Bako, wadda ta mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, da ta gina Tiga ta kammala shi a 1974, ba ta tsaya a noman rani ba. Ta sa otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwan, ta kuma gina otal ɗin Bagauda, duk a ƙasar Bebeji ta yau. Tunanin shi ne baƙo ya sauka a can, ya bi hanyar Tudun Wada ya shiga dajin Falgore kallon namun dawa, ya wuce ƙasar Doguwa ya ga duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Yau harabar Bagauda ta zama reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, Rock Castle ya daɗe da rasa sunan da ya yi, Falgore kuwa an fi jin sunansa a labaran tsaro fiye da na yawon buɗe ido.

Duk lokacin da aka tayar da maganar farfaɗo da wannan harka, kuma aka ce ƙungiyar masu otal da gidajen saukar baƙi ta zamanantar da kanta, kalmar da ke fara fitowa ita ce manhaja. A ba da kwangila, a ƙaddamar a babban ɗakin taro, a yi hoto. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san yadda labarin ke ƙarewa: bayan wata shida farashin da ke ciki ya tsufa, lambobin waya sun mutu, babu wanda aka ɗora wa alhakin gyara su, kuɗin ajiye ta a intanet ya ƙare. Manhajar da babu sahihan bayanai a bayanta kanti ce mai kyan fenti da babu kaya a ciki.

Abin da ƙungiya take da shi, wanda Google ba shi da shi, gwamnati ma ba ta da shi, shi ne za ta iya ƙwanƙwasa ƙofar kowane mamba a buɗe mata. Don haka aikinta na farko ba ya buƙatar ko layi ɗaya na kod. Jadawali ne guda: sunan masauki, ainihin inda yake a taswira, ɗakuna nawa, farashi, wuta ta sola ce ko ta janareta kuma zuwa ƙarfe nawa, akwai ruwa, ana karɓar tiransifa ko POS, wane layin waya ne ke da sabis a wurin, da ranar ƙarshe da wani ya je ya tabbatar da idonsa. Wannan gurbin na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci. Bayanin da ba a san ranar da aka duba shi ba, jita-jita ne.

Kayan aikin kuwa kyauta ne. Sa wurin kasuwanci a Google Maps ba a biyan ko sisi. OpenStreetMap kowa na iya gyara ta, kuma manhajoji da dama daga can suke ɗaukar taswirarsu. Gidan da ba shi da lamba ko sunan titi ana iya ba shi Plus Code, gajeriyar lambar da ke kai mutum har ƙofa. WhatsApp Business na da wurin jera hotunan ɗakuna da farashinsu. Kada kuma a ce ƙauye ne, ba zai yiwu ba. A wannan jihar aka zana taswirar ƙauyuka da rugage da wayoyi masu GPS lokacin yaƙi da shan inna, don a tabbatar masu allurar rigakafi sun shiga kowane lungu. In an iya gano ruga a bayan dutse, gano masauki a bakin titin Kwanar Ɗangora ba zai gagara ba.

Wani zai ce ai ga Booking.com, ga Hotels.ng da aka kafa tun 2013, me zai sa a sake wahala? Duk mai iya shiga ya shiga, babu laifi. Sai dai waɗannan shafuka suna cire kamasho a kan kowane ɗaki, kuma an gina su ne don otal mai ma'aikaci zaune gaban kwamfuta. Gida mai ɗaki takwas da yaron maigida ke kula da shi da ƙaramar waya ba ya cikin lissafinsu. Su ma baƙin da ke zuwa yankin yawanci ba irin masu biya da katin banki tun daga gida ba ne. Iyaye ne da 'yan uwan ɗaliban Bagauda, fatake masu sayen shinkafa da masara a Tudun Wada, masu harkar ma'adinai a Riruwai, direbobin da dare ya yi musu a hanyar Zariya ko ta Jos, malaman da suka kawo ɗalibai ziyarar gani da ido, da ma'aikatan da aka turo bita. Waɗannan su ne kasuwar da ke hannu. Bature mai kyamara in ya zo, ƙari ne.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne littafin rajistar baƙi. Kowa ya san kallon da ake yi wa kalmar otal a ƙasar Hausa. Mai masauki a ƙaramin gari yana tsakanin zargin maƙwabta, da samamen Hisba, da tambayar jami'an tsaro, musamman a garuruwan da ke gefen Falgore, dajin da sai da sojoji suka shiga da atisayen Harbin Kunama na biyu a 2017. Kariyarsa ɗaya ita ce ya iya nuna wanda ya kwana a gidansa. Amma littafin takarda da ke kan teburin karɓar baƙi ba ya kare kowa. Mutum na iya rubuta sunan da ya ga dama. Mafi muni, duk wanda ya zo sa hannu yana karanta suna da lambar wayar waɗanda suka riga shi, har da na matar da ta zo ita kaɗai don kasuwanci.

Nan ne manhaja za ta yi amfani, amma ƙarama, mai aiki ɗaya. Dole ta yi aiki ko babu sabis, ta ajiye bayani a cikin wayar a kulle, sai sabis ya dawo ta aika, domin duk wanda ya bi hanyar Falgore ya san yadda layi ke ɗaukewa. Ta duba katin shaida ba tare da ta bar hotonsa yana yawo a wayar ma'aikaci ba. Ta goge tsofaffin bayanai da kanta bayan wa'adin da aka amince. Sannan babbar tambaya: wa ke riƙe da rumbun, wa kuma ke da ikon leƙawa?

Bai kamata a miƙa wa gwamnati sunayen baƙi kullum kamar rahoton safe ba. Abin da take buƙata don tsara yawon buɗe ido alƙaluma ne: mutum nawa suka kwana a Bebeji a watan Disamba, daga waɗanne jihohi, kwana nawa suka yi. Sunan mutum ɗaya kuwa sai da buƙata a rubuce bisa doka, kuma manhajar ta ajiye shaidar wanda ya nema da ranar da ya nema. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta riga ta ɗora wa duk mai tattara irin waɗannan bayanai alhakin tsare su, ko otal ne ko hukuma. A zamanin da hoton allo ɗaya ke zagaye TikTok kafin azahar, rajistar masauki guda da ta fita waje ta isa ta kashe aure, ta kuma kashe amanar tsarin gaba ɗaya. Daga ranar babu mai sake ba da sunansa na gaskiya.

To da wace gwamnati za a zauna? A watan Yulin 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar da aka yi tsakanin gwamnatin tarayya da ta Legas, cewa rajista da ba otal-otal lasisi hurumin jihohi ne. Ke nan ƙofar farko ita ce Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Jihar Kano da ma'aikatar da ke samanta. Amma ba ita kaɗai ba ce. Dam ɗin Tiga yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta tarayya. Makarantar Bagauda ta tarayya ce. Falgore na da masu gandun daji da jami'an tsaro. Ga ƙananan hukumomi huɗu, ga hakimai da dagatai waɗanda babu baƙon da zai ji daɗin gari in ba da yardarsu ba. Mai masauki ɗaya ba zai iya zagaya waɗannan ofisoshi ba. Ƙungiyar da ta shigo da jadawali a hannu, tana cewa ga ɗakunanmu, ga ma'aikatanmu, ga yawan baƙinmu, ita za a ba kujera.

Akwai tsoron da masu masauki ba sa faɗa a taro: ranar da aka san yawan ɗakunanka, ranar mai karɓar haraji ya san ƙofarka. Tsoron na da tushe, kuma duk tsarin da ya yi kamar bai san da shi ba, da bayanan ƙarya za a cika shi. Shi ya sa dole abin ya zama ciniki, ba kyauta ba. Ƙungiya ta kawo sahihan alƙaluma da rajistar baƙi mai tsari. Gwamnati ta biya da takardar kuɗi guda a shekara, wadda aka san adadinta kuma ake biya ta banki, maimakon masu rasit daban-daban da ke zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta fitar da ƙa'ida a rubuce kan yadda ake samame, wa ke zuwa, da wace takarda. Ta kuma ɗauki nauyin bayanin da ita kaɗai ke da ikon bayarwa: yau an buɗe bakin ruwan Tiga ko an rufe, nawa ne kuɗin shiga, wane sashe na Falgore aka yarda a shiga da ɗan rakiya, wanne ne ba a yarda ba. Faɗin gaskiya cewa wuri kaza ba ya shiguwa a wannan watan ya fi tallan da zai kai iyali cikin hatsari. Yarjejeniyar kuma ta shiga cikin ƙa'idojin hukuma a rubuce, don kada ta tafi tare da kwamishinan da ya sa mata hannu.

A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. Duk shekarar da aka yi hawan, birni na cika da baƙi, kuma da yawansu za su ƙara kwana ɗaya a wajen gari in an nuna musu inda za su je da inda za su kwana. Ba sai an jira kasafin kuɗi ba kafin a gwada. Matasa biyu daga kowace ƙaramar hukuma, da waya da babur da takardar gabatarwa daga ƙungiya, za su iya zagaye masaukan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa a cikin rani guda, su sa kowanne a taswira, su koya wa mai shi yadda zai sauya farashi da kansa. Bayan wata uku a kira kowace lamba a ga nawa ne suka shiga, a buga sakamakon kowa ya gani. In lambobin sun shiga, sai a zauna maganar manhajar rajista da wanda zai riƙe makullinta.