Wasannin jami'o'i: Abin da Mubi ta fi buƙata daga fili

Jami'ar Fatakwal ce ta zo ta ɗaya a gasar NUGA ta 2022 a Legas. A Amurka irin wannan nasara kan ƙara yawan masu neman gurbin karatu. A nan kuwa ba a cika haska gasar a talabijin ba, kuma mahaifi a Vimtim kuɗin makaranta da yajin aiki yake dubawa kafin ɗansa ya cike fom ɗin JAMB.

Duk da haka, Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi tana da dalilin kashe kuɗi a wasanni. Tun mamayar Boko Haram ta 2014, iyayen da ke nesa tsaro suke fara tunawa idan an ambaci garin. Karɓar baƙuncin gasa, 'yan wasan wasu jami'o'i su kwana a Mubi su koma gida lafiya, zai fi kofi shawo kansu.