PHP ta ci gaba, furojet ɗinmu yana nan jiya i yau

Duk shekara idan lokacin furojet ya yi, ɗaliban ND2 da HND2 na sashen kwamfuta kusan hanya ɗaya muke bi: a ɗora XAMPP, a nemo tsohon kod a intanet ko a filashin wani siniya, a sauya suna da launi, a kai wa sufabaiza. Ni dai ra'ayina shi ne wannan ɗabi'ar tana cutar da mu, domin PHP ɗin da muke kwafowa ba ita ake aiki da ita a yau ba.

PHP ta fito a 1995 daga hannun Rasmus Lerdorf, kuma ta shahara ne saboda sassaucinta. Ba ta damu ba ko lamba ka ba ta ko rubutu, ita dai za ta yi hasashen abin da kake nufi. Ku ɗauki shafin biyan kuɗin makaranta. Ɗalibi ya rubuta "25,000" da waƙafi, kod ɗinka ya haɗa shi da wani kuɗi. PHP za ta tsaya a waƙafin, ta ɗauki 25 kawai, ta ci gaba da lissafi. Iyakarta ɗan gargaɗi, wanda ba wanda zai gani idan an kashe nuna kurakurai a saba. Kafin PHP 8 ma, idan ka gwada 0 da kalmar "admin" ta alamar ==, cewa take daidai suke. Wa zai yarda da irin wannan a wurin shiga da kalmar sirri?

Masu yaren sun daɗe da gane matsalar. A 2015 PHP 7.0 ta ba ka damar faɗin nau'in abin da kowane aiki zai karɓa da wanda zai mayar: int, float, string ko bool. A 2019 sigar 7.4 ta kai wannan ga kadarorin class. A 2020 PHP 8.0 ta kawo haɗin nau'i, irin int|string. A 2021 kuma 8.1 ta zo da enum da readonly. Da enum, matsayin ɗalibi ba zai wuce abin da ka lissafa ba, misali ya biya ko bai biya ba, babu zancen wani ya rubuta "paid" nan, "Paid" can. Da readonly, lambar rajista idan an sa ta sau ɗaya, ta zauna ke nan.

Sai layi guda a saman fayil: declare(strict_types=1); Da shi, idan ka miƙa rubutu inda ake jiran lamba, nan take PHP za ta tsaya da TypeError ta nuna maka wurin. Gara kod ya fashe a ɗakinka da dare da ya fashe ranar difens gaban malamai.

Na san abin da wasu za su ce: ai tsohon kod yana aiki, da tsohuwar zuma ake magani. To, ba kullum ba. An daina gyara PHP 5.6 tun ƙarshen 2018, kuma umarnin mysql_connect da ke cike a tsofaffin furojet an cire shi tun PHP 7.0. Wasu kuma su ce nau'i ba ya magance komai. Gaskiya ne. Duk abin da ya fito daga fom rubutu ne, dole ka tantance shi da filter_var, domin idan ka tilasta masa zama int kai tsaye, 25 ɗin nan za ka sake samu. Amma aƙalla yaren ya tilasta maka tsayawa ka yi tunani.

Wanda zai ɗauke ka IT ko aiki, Laravel zai buɗe maka, kuma kod ɗinta cike yake da waɗannan nau'o'i. Don haka, 'yan uwa, ku duba sigar da ke kwamfutarku da php -v, ku sa nau'i a kowane aiki, ku bi kod ɗin da PHPStan, kyauta ce. Malamanmu kuma, don Allah a fara tambayar wannan a wurin difens. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.