Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Darasin Maharbin Dodanni Ga Marubucin Labarin Yaƙi

 

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, mun tsaya a wani shagon gem da ke kan hanyar Panshekara, dab da masana'antun Challawa. Talabijin huɗu ne a shagon. A uku ƙwallo ake bugawa kamar kullum, ana ta ihu. A ta huɗun wani matashi ne zaune shi kaɗai, warin jima bai gama barin rigarsa ba, domin daga kamfanin fata ya taso. Monster Hunter World yake bugawa. Ya kai minti goma bai fita daga sansani ba, yana ta sauya hula da riga da takobi. Muka ce masa, "Abokina, kuɗin awarka fa yana tafiya." Ya ce, "Malam, in na fita da kayan da ba su dace ba, awar gaba ɗaya ce za ta tafi."

Wannan amsar ce ta haifi rubutun yau.

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin Capcom na ƙasar Japan ne ya fara fitar da Monster Hunter a 2004 a kan PlayStation 2. World ya fito a 2018, Rise a 2021, Wilds kuma a 2025. Tsarinsa mai sauƙin faɗa ne: ka shiga daji ka farauci dodo, ka yanki fatarsa da ƙashinsa, ka kai wa maƙeri ya yi maka makami da sulke, sannan ka tunkari dodon da ya fi shi. Makamai iri 14 ne. Sulke kashi biyar ne: kai, ƙirji, hannu, ƙugu da ƙafa. Yawancin farauta minti 50 ake ba ta, kuma in maharbi ya suma sau uku, shi ke nan, an kore shi gida hannu rabbana. Ana iya haɗuwa mutum huɗu ta intanet, amma a nan, da tsadar data da halin wutar lantarki, mafi yawan masu bugawa su kaɗai suke shiga daji, sai magen da wasan ke ba su ta taimaka.

Ra'ayinmu shi ne, wanda zai yi farauta shi kaɗai ya zaɓi makamin da hannunsa ya saba da shi da sulken da zai bar shi da rai, ya ƙyale jerin kayan da gwanaye ke bajewa a YouTube. Waɗannan gwanayen sun haddace motsin kowane dodo, da wuya a taɓa su, shi ya sa suke zuba komai a kan ƙarfin sara. Kai da ake tumurmusawa sau biyar a farauta ɗaya, in ka ari kayansu, sara biyu za a yi maka ka farka a sansani. Kayan aro ba ya rufe katara.

Dalilin a fili yake. In kuna huɗu, hankalin dodo a rabe yake. Yana bin wannan, wancan ya sha magani, ɗayan ya wasa takobinsa. In kai kaɗai ne, idonsa a kanka yake daga farko har ƙarshe. Saboda haka abin da za ka fara tambaya game da makami shi ne: zai ba ni damar numfasawa? Ƙaramin takobi da garkuwa ya yi fice a nan, domin da shi ana iya shan magani ba tare da an mayar da shi kube ba. Mashi yana da garkuwa babba, sai dai mai shi ba ya da sauri. Babban takobi sararsa ɗaya tana girgiza dodo, amma kafin ka ɗaga shi dodon ya bar wurin in ba ka san inda zai sauka ba. Guduma tana sumar da dodo in ana samun kansa, amma ba ta yanke wutsiya, kuma akwai kayan da sai an yanke wutsiya ake samun su da sauƙi. Baka yana ba ka nisa, amma yana cin ƙarfin jiki, kuma maharbin baka ya fi jin zafin duka in an cim masa. Babu wanda aka ba shi komai.

Haka sulke yake. Kowane ɓangare yana ɗauke da wata baiwa. Wanda yake shi kaɗai ya fara neman mai ƙara tsawon rai, da mai hana jiri bayan duka, da mai toshe kunne daga rurin dodo, kafin ya nemi mai ƙara sara. Akwai baiwar da ke raba maganin da ka sha ga abokan tafiya. A ƙungiya alheri ce, a kaɗaici kuma ta cinye gurbi a banza. Sannan a duba wa za a je wa. Anjanath, dodon da ya sa mutane da yawa suka ajiye World tun a farko, wuta yake fesawa, ruwa ne lagonsa. Mai dabara sai ya koma fadama ya farauci Jyuratodus tukuna, ya ƙera makami mai ruwa, ya sa riga mai jure wuta, sannan ya dawo. Rathalos yana tashi sama, farcensa da dafi, don haka maganin dafi da abin walƙiyar da ke faɗo da shi ƙasa sun fi masa wani ƙarin kaifi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Za a ce mana wannan tsoro ne, kuma kayan kariya suna ja wa farauta tsawo har lokaci ya ƙare. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya lulluɓe kansa da kariya har ya kasa sara, agogo ne zai kore shi. Amma wanda ya suma sau uku a minti takwas ko farce bai kawo gida ba. Hanyar ita ce a fara da kariya, duk lokacin da hannu ya faɗa a kan wani dodo sai a cire ɓangare ɗaya a sa na sara.

To, mene ne ruwan marubuci da wannan? Ruwansa babba ne. Mu ɗauko labaran yaƙi da muke turowa a wannan zaure. Jarumi ya fito da takobin da ya gada, wanda ba ya dakushewa, ba ya nauyi, yana sare aljani da maridi da rundunar mutum dubu da sara iri ɗaya. Ba mu san wa ya ƙera shi ba, ba mu san abin da ya gagare shi ba. Mai karatu ya san tun shafi na uku cewa babu abin da zai sami jarumin, sai ya rufe littafi ya ɗauki waya. Matashin nan na Challawa ba zai yarda da irin wannan labari ba, domin ya saba da duniyar da takobi ke dakushewa a tsakiyar faɗa, sai ka nemi lungu ka wasa shi dodo yana nemanka. Ƙannenmu masu tasowa su ne masu karatun gobe, kuma sun riga sun ɗanɗani labarin da kowane zaɓi ke da farashi.

Kada a ce wannan dabarar baƙi ce. Ko Bayajidda, a labarin da duk muka tashi da shi, sai da ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa kafin ya isa rijiyar Kusugu a Daura ya kashe macijiya. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali fagen yaƙi. Lifidi yana tare kibiya, amma yana da nauyi da zafi, ga doki ga mahayi. Wato kakanninmu sun san cinikin da ke tsakanin kariya da sauri tun kafin a ƙirƙiro talabijin. Mu ne muka bar wannan ilimi a ƙasa muka rungumi takobin tsafi mai maganin komai.

Kuma kayan binciken suna bakin ƙofarmu. A wasan, fata tana zama riga da danna maɓalli ɗaya. A Challawa da Sharada da Bompai an san ba haka abin yake ba: sai an jiƙa fata, an cire gashi, an kankare tsoka, an jeme ta, an busar. Majeman cikin birni har yau da bagaruwa suke jima. Dukawa suna nan, kasuwar Ƙofar Wambai cike take da fata, maƙera suna nan, kuma a hawan sallah 'yan lifida da 'yan sulke sukan fito. Marubucin da zai sa jaruminsa ya yi garkuwa da fatar dodo, me zai hana shi ya yi yini ɗaya wurin majemi ya ga yadda fata ke wari da taurin kai kafin ta yi laushi? Shafi ɗaya da aka rubuta da wannan sani ya fi babi goma na "ya zare takobi ya yi ta sara".

Ba muna cewa kowa ya tafi shagon gem ya ƙarar da kuɗin cefane ba. Muna cewa ne kafin jaruminka ya bar gida, ka zaunar da shi minti goma kamar yadda matashin nan ya zauna. Ka amsa tambaya huɗu: wa ya ƙera makaminsa, me makamin ba ya iyawa, me ya bari a gida don ya iya ɗaukar wannan, kuma wane abokin gaba ne wannan shirin ba zai yi wa komai ba? In ka sami amsar ta huɗu, ka sami babin da mai karatu zai hana kansa barci a kai.

Ga aikin wannan mako: kowa ya ɗauko jarumi ɗaya daga labarin da yake rubutawa, ya ƙwace masa takobin gado, ya tura shi wurin maƙeri da kuɗin da ba za su isa makami da sulke duka ba. A rubuta mana abin da ya zaɓa da dalilinsa a cikin kalmomi 300.

Af, matashin nan da ƙaramin takobi da garkuwa ya fita. Sau biyu ya suma, ya kayar da Anjanath saura minti shida, kuma ana ɗauke wuta yana kan yankar fata.

Allah ya ƙara mana basira, ya yi wa alƙalumanmu albarka.