Masaukan Tsibiri da Gorar Roba

A makon nan ina so mu ƙetare teku, mu duba wani sha'ani da ya dami masu masaukan baƙi a ƙasar Maldibis, watau tarin tsibiran nan da ke kudu maso yamma da Indiya.

Ƙasar nan ta Musulmi ce, tsibiranta sun ɗara 1,100, galibinsu kuwa tudunsu bai wuce ƙafa 5 bisa ruwa ba. Tun shekarar 1972 aka soma gina otal-otal a can, sau da yawa tsibiri guda otal guda. A shekarar 2019 baƙi wajen miliyan 1.7 suka ziyarce ta, alhali mutanenta duka ba su fi rabin miliyan da kaɗan ba. Abin da ke kawo baƙin nan kuwa shi ne farin rairayi, da ruwa garau, da murjani, da kifaye.

To, ga inda gizo ke saƙa. Baƙo ya sha ruwa a gorar roba ya ajiye, ya zuƙi lemo da tsinken roba, ya yi wanka da sabulun 'yar ƙaramar gora. Aikin kowace ɗaya ba ya wuce 'yan mintoci, amma ta kan yi shekaru aru-aru ba ta ruɓe ba. Mai otal a tudu yana da bayan gari, na tsibiri kuwa bayan garinsa teku ne. Saboda haka tun 1992 ake jigilar shara cikin jiragen ruwa zuwa wani wuri da ake kira Tilafushi, kamar mil 4 daga Male babban birni, har juji ya zama tsibiri. An daɗe ana ƙone shi a fili, abin da ya zube cikin ruwa kuma igiya ta komo da shi bakin gaɓa, ko kunkurun teku ya haɗiye ya mutu.

A ganina maganin bai wuce guda ba: abin da ba ka da wurin zubar da shi, kada ka shigo da shi. Wani otal mai suna Soneva Fushi ya gane haka tun 2008, ya daina sayo ruwan gora daga waje. Da ma otal-otal ɗin suna da injin da ke cire gishiri daga ruwan teku, sai ya riƙa tace nasa yana ɗurawa a kwalabe, in an sha a wanke a sake cikawa. Waɗansu suka bi sawu, suka kuma sa sabulu a manyan tuluna da ake ƙarawa in ya ƙare. A Yunin 2021 ne Hukuma ta hana shigo da tsinken lemo, da faranti da cokulan roba, da ƙananan gorunan sabulu.

Wani zai ce, ai wannan aikin masu hali ne. Gaskiya ne, ƙaramin masauki mai ɗaki goma ba shi da ƙarfin sayen inji, kwalba tana da nauyi, tana fashewa, wankinta kuma sai da ma'aikaci. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni dai shawarata, masaukan tsibiri guda su haɗa kuɗi su sayi matata ɗaya, kowa ya riƙa ɗiba, a kuma ba kowane baƙo buta tasa ranar saukarsa. Doka tana tsare robar a bakin tashar jirgi, amma ba ta shayar da baƙo, sai mai masauki ya tanadi madadi.

Wanda ya ƙi kashe kwabo a kan wannan, ya sani baƙo ba ya biyan kuɗin jirgi don ya zo kallon juji. Ranar da gaɓa ta ƙazantu, mai otal da kuku da masunci duk tare za su rasa abinci. Allah ya kiyaye, amin.

Naku,
Akawu