Gyambo ba jifa ba ne

Ƙaya ta soki mutum biyu a gona. Ɗaya ya warke cikin sati guda. Ɗaya ya yi wata 3 ƙafa tana ruwa. Me mutane ke cewa? Wai jifa ne. Sai a zargi maƙwabci ko kishiya. Wannan ƙarya ce, kuma ita ke sa a yanke ƙafafu.

Jini ne ke ɗinke rauni. In akwai ciwo ɓoye cikin jiki, miki ba ya rufewa. Ciwon sukari yana lalata jijiyoyin ƙafa, jini ba ya isa sosai, mutum kuma ba ya jin zafi. Kuturta ma tana kashe ji. Amosanin jini yana kawo gyambo a idon sawu. Wanda ba ya samun wake, nono, ƙwai ko nama, da me jikinsa zai yi sabuwar tsoka?

Boka zai karɓi akuyarka, ya shafa maka toka ko kashin shanu. Kashin shanu kuwa yana kawo ciwon sarƙe haƙora. Ya auna jininka? A gidan likita, ɗigon jini guda daga yatsa ya isa a ga yawan sukari. Maganin kuturta kyauta ne, wata 6 ko 12.

In miki ya ƙi warkewa, wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, ka rufe, ka tafi gidan likita. In kana yawan ƙishirwa da fitsari, kada ka kwana kana jira. Ka bar maƙwabcinka lafiya. Akuya akwai ta a kasuwa, amma babu kasuwar da ake sayar da ƙafa.