Sharhi: Makomar Ƙananan Masu Ƙera Manhaja a Hannun Manyan Kamfanoni

JOS – Shekaru kaɗan da suka wuce, wanda duk ya sayi sabuwar wayar salula a mahaɗar Tina da ke Jos, ko a wata mahaɗa irinta a Arewa, ba ya barin wurin sai ya biya wajen masu tura manhaja an loda masa 'yan tarkace: ta tocila, ta aika hotuna da waƙoƙi daga waya zuwa waya, ta tattalin batir, da kuma madannin da zai ba shi damar rubuta ƙ da ɗ da ɓ. Kowace daga cikinsu wani ne ya zauna ya rubuta ta, sau da yawa shi kaɗai ko da abokinsa. A yau akasarin waɗannan ayyuka wayar kan zo da su daga masana'anta. Mai saye ya huta, mai turawa ya rasa ɗan abin da yake samu, shi kuwa wanda ya ƙera manhajar, galibi ya tattara komatsansa ya bar sana'ar.

Abin da ke haddasa haka shi ne uwar manhaja, wato babban tsarin da ke tafiyar da na'ura baki ɗaya, irin su Windows na kamfanin Microsoft, da Android na Google, da iOS na Apple. Duk ƙaramar manhaja a kan uwar take zaune. Idan mai uwar ya ga wani aiki ya samu karɓuwa, sai ya sanya irinsa a cikin tsarinsa, kyauta, kuma a gaban idon kowa. Daga ranar nan kasuwar ƙaramin mai ƙira ta fara ja da baya.

Masu rubutun Hausa sun ga wannan da idonsu. Lokacin da na'ura mai ƙwaƙwalwa ta fara shiga ofisoshi da maɗaba'u a shekarun 1990, babu haruffa masu lanƙwasa a cikinta. Masu buga takardu sukan bar k da d da b a sake, ko su bi su da biro suna lanƙwasa musu kai bayan an buga. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro zubin haruffa na musamman, waɗanda aka sani da Rabi'at da Abdalla, domin toshe wannan giɓi, kuma marubuta da masu ɗab'i sun ci moriyarsu ƙwarai da gaske. A tsakiyar shekarun 2000 kamfanin LANCOR ya fito da allon rubutu na Konyin wanda ke ɗauke da haruffan harsunan Nijeriya. To amma tun 1991 ma'aunin Unicode na duniya ya riga ya ware wa haruffan nan gurbinsu, kuma sannu a hankali manyan kamfanoni suka bi sahu. Windows 7 na 2009 yana ɗauke da tsarin madannin Hausa a cikinsa. Madannin Gboard na Google ma yana da Hausa. A watan Disamba na 2013 kuma Hausa ta shiga sahun harsunan da Google Translate ke fassarawa. Wanda ya shirya cin abinci da sayar da madannin Hausa zalla, ƙofa ta rufe masa.

Ko shakka babu wannan ci gaba ne ga harshen. Sai dai ya bar baya da ƙura. Tsofaffin zubin haruffan sun ari gurbin wasu alamomi ne suka ɗora haruffan Hausa a kai, shi ya sa idan aka buɗe tsohuwar takarda a na'urar da ba ta da zubin, sai mutum ya ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya, ~era a maimakon ɓera. Duk mai karanta Hausa a intanet ya sha cin karo da irin wannan. Littattafai da kundayen bincike da takardun kasuwanci masu yawa suna nan a haka, kuma babu wani babban kamfani da ya ɗauki nauyin gyara su, domin ba shi ya buga su ba.

A ƙasashen waje labarin ya daɗe, kuma ya kai gaban alƙalai. Kamfanin Stac Electronics na Amurka ya yi suna da manhajar Stacker, wadda ke matse bayanai domin faifan na'ura ya ɗauki kusan ninki biyu. A 1993 Microsoft ya fito da MS-DOS 6.0 ɗauke da irin wannan aiki mai suna DoubleSpace. Stac ya kai ƙara bisa keta haƙƙin ƙirƙira, kuma a 1994 kotu ta ba shi diyyar dalar Amurka miliyan 120. Ya ci shari'a, amma bai ci kasuwa ba: Microsoft ya sake wani zubin mai suna DriveSpace, faifai kuma ya yi ta araha har matse bayanai ya daina zama larura. Haka Netscape, wanda manhajarsa ta shiga intanet ta mamaye duniya a tsakiyar shekarun 1990, ya durƙushe bayan an haɗa Internet Explorer da Windows. Gwamnatin Amurka ta gurfanar da Microsoft a 1998, Tarayyar Turai kuma ta ci shi tarar Yuro miliyan 497 a 2004 kan batutuwan da suka haɗa da cusa Media Player a cikin Windows. Kafin hukunci ya fito, mai ƙaramin ƙarfi ya riga ya galabaita.

Misalin da masu wannan sana'a suka fi ambato shi ne na Watson, manhajar da Dan Wood na ƙaramin kamfanin Karelia ya fitar a 2001 domin na'urorin Apple. A 2002 Apple ya fito da Sherlock 3 mai kama da ita matuƙa, aka kuma raba shi tare da uwar manhajar. Ba a jima ba aka daina Watson, har sunan Sherlock ya zama karin magana a bakin masu ƙira, ana nufin an haɗiye wa mutum sana'a. Growl, wadda 'yan sa-kai suka rubuta domin nuna sanarwa a fuskar na'ura, ita ma ta bi hanya: Apple ya sanya nasa tsarin sanarwar a 2012, masu Growl suka sanar da ajiye aikin a 2020. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu iya magana.

Ta fuskar tattalin arziki, dalilin bai da wuyar ganewa. Rubuta manhaja yana cin kuɗi sau ɗaya ne. Kwafi na biyu da na miliyan ba sa cin komai. Babban kamfani yana samun ribarsa daga sayar da na'ura, ko talla, ko lasisi, saboda haka yana iya bayar da ƙaramin aikin a kyauta ba tare da ya ji a jikinsa ba. Shi kuwa ƙaramin mai ƙira, wannan aikin shi ne tukunyarsa. Bugu da ƙari, mutane ba su cika canja abin da suka tarar a cikin na'ura ba, ko da wani ya fi shi kyau. Sannan mai uwar manhaja shi ne mai kasuwar, shi ne mai rumfunan, shi ke karɓar la'ada, kuma yana ganin irin hajar da ta fi tafiya. Ɗan kasuwar da ya taɓa zama a rumfar haya, mai rumfar kuma ya buɗe shago irin nasa a gefe, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Duk da haka ba daidai ba ne a ɗauki kowace haɗiya a matsayin zalunci. Babu mai hankalin da zai ce a hana waya zuwa da tocila domin wani ya ci gaba da sayar da manhajar tocila mai cike da talla. Babu kuma wanda zai so a cire haruffan Hausa daga Windows. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da mai kasuwar ya wuce kwaikwayo ya koma tare hanya. A 2018 Apple ya fito da Screen Time, mai lura da tsawon lokacin da ake ɓatawa a waya; a 2019 aka cire ko aka taƙaita wasu manhajojin iyaye masu irin wannan aiki daga kasuwarsa. Kamfanin ya ce tsaron sirrin jama'a ne dalili, daga baya kuma ya sassauta. Irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta kafa dokar kasuwannin zamani a 2022, wadda ta hana manyan masu tsaron ƙofa fifita hajarsu a wasu fannoni. Nijeriya na da dokar gasa da kare masu saye ta 2018, kuma hukumar FCCPC ta nuna tana da haƙora da ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a 2024, ko da yake kan bayanan jama'a da cin zarafin kasuwa ne. Ya kamata hukumar ta sa ido kan tare hanya. Amma matashin da ya zauna jiran doka ta dawo masa da kasuwarsa, zai daɗe yana jira.

Wannan magana ta shafi Jos kai tsaye. Garin ya tara matasa masu koyon rubuta manhaja, daga Jami'ar Jos da kuma cibiyoyi irin su nHub da aka kafa a 2015, ga kuma dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha da aka sa wa hannu a 2022 ta ƙara musu ƙwarin gwiwa. Jos ta san ɗacin dogaro da kasuwar da ake yanke farashinta a wata nahiya. Rushewar kasuwar kuza ta duniya a 1985 ba ta bar tunanin dattawan garin ba. Alhajin da matashi ya kawo wa shawarar zuba jari a manhaja, tambayar farko da ta kamata ya yi ita ce: wannan sana'a ce mai zaman kanta, ko kuwa wani maɓalli ne da Google ya manta bai sa ba tukuna? Idan maɓalli ne, ba laifi a shiga, amma a lissafa shi kamar kayan gwari, a mai da uwar kuɗi da wuri, kada a ci bashin shekara biyar a kansa.

Waɗanda suka tsira suna da abin koyi. Windows ya daɗe da iya buɗe matsattsun fayiloli, amma har yanzu ana sayar da WinZip ga kamfanoni. Google ya fito da Nearby Share a 2020, wayoyin Tecno da Infinix ma suna zuwa da nasu tsarin turawa, amma Xender bai fita daga bakin jama'a ba, domin shi suka saba da shi. Sabo da jama'a da kuma hidima bayan sayarwa suna da wuyar kwaikwayo. Abin da ya fi su wuya kuwa shi ne sanin gida. Injiniyan da ke Kalifoniya ba zai zauna ya tsara littafin bashi na dillalin kayan lambu a kasuwar Farin Gada ba, ko lissafin buhunan dankalin Turawa da ke fitowa daga Bokkos da Mangu, ko rajistar adashin mata, ko tsarin kuɗin makarantar Islamiyya da zai yi aiki ba tare da intanet ba. Kasuwar ta yi masa ƙanƙanta, harshen da al'adar kuma ba nasa ba ne. Ga mutum uku a ɗaki ɗaya a Jos, wannan kasuwa ta isa riƙe gida.

Saura batun da ba a cika tattaunawa ba, wato yadda ake rufe aiki. Mai ƙira yana da 'yancin ajiye abin da ba ya biyansa, amma mai shagon da ya zuba lissafin shekaru a cikin manhajar shi ke kwana a ciki. Netscape ya saki asalin rubutun manhajarsa ga jama'a a 1998, daga nan aka samu Firefox a 2004. Abin da ake bukata daga ƙaramin mai ƙira bai kai haka ba: sanarwa a kan lokaci, da hanyar kwashe bayanai zuwa zubin da kowace na'ura ke karantawa. Ɗan kasuwar da zai sayi manhajar lissafi ko ta kula da kaya, ya sa wannan sharaɗi a rubuce cikin yarjejeniya tun kafin ya biya. Maɗaba'u da jami'o'i da gidajen jarida masu tarin tsofaffin takardun Hausa kuwa, mayar da su zuwa Unicode aiki ne da ɗan ƙaramin shiri zai iya yi, kuma kwangila ce da ta dace a ba matasan gida tun faifan da ke ɗauke da su bai lalace ba.