LAFIYA UWAR JIKI: Allurar da babu magani a cikinta

A makon jiya wani dillalin wake na Tasawa ya tare ni da tambaya. Wata uku ke nan wuyansa da kafaɗarsa sun riƙe. Ya sha ƙwayoyin ƴan tebur har ya gaji, wanzami ya yi masa ƙaho sau biyu, sai ɗansa mai karatu a Yamai ya ba shi labarin wata allura da ake sokawa cikin tsoka ba tare da ko ɗigon magani ba. Ya ce mini: «Malam, wannan ba yaudara ba ce?»

Alhaji, ba yaudara ba ce. Idan tsoka ta wahala da aiki iri ɗaya, kamar ɗaukar buhu, ko jan guga a rijiyoyin Mayahi masu zurfi, ko wunin ma'aikaci a kan kujerar biro, wani sashe nata yakan dunƙule ya yi ƙululu. Ka danna shi a kafaɗa, ka ji zafi har cikin kai. Lokotoro Janet Travell ta Amurka, wadda ta zama likitar shugaba Kennedy a 1961, ita da David Simons suka bayyana waɗannan ƙululai a littafinsu na 1983. Da farko magani ake ɗura musu. Amma a 1979 Karel Lewit, wani lokotoro na birnin Prag, ya nuna cewa sukan allurar kansa yana kawo sauƙi. Siririya ce ƙwarai, irin wadda likitocin Sin ke aiki da ita, ko da yake hikimar ta bambanta. In ta taɓa ƙululun, tsokar takan yi firgigit, sannan ta saki.

Sai dai sauƙin na ɗan lokaci ne. Shi ya sa masanin gyaran gaɓoɓi, wanda muke kira kine, yake haɗa ta da motsa jiki da miƙe tsoka. Wanda ya koma ɗaukar buhu yadda ya saba, ciwon ma zai komo.

Abin da ke damuna dabam ne. Mu mutane ne masu son allura; wani in ya je likita ba a soke shi ba, sai ya ce ba a duba shi ba. Ranar da labarin nan ya kai kunnen masu yawo da jaka kasuwa-kasuwa, za su ce sun iya. Alhali huhu yana nan kusa, ƙarƙashin kafaɗa da tsakanin haƙarƙari. Allurar da ta zarce tana iya huda shi, numfashi ya sarƙe, ga mutum a ƙauye, babban asibitin Maraɗi kuwa da nisa. Wadda aka soki wani da ita kuma tana iya ɗauko ciwon hanta ko sida, daidai da askar wanzamin da ba a sauya ba.

Ba kowane ciwon baya ne na tsoka ba. In akwai zazzaɓi, ko rama, ko ƙafa ta mutu, a nufi asibiti, domin tarin fuka yakan kama ƙashin baya. Mace mai ciki da mai shan maganin tsinka jini su faɗa tun kafin a taɓa su.

Shi Alhaji na ce ya fara zuwa asibitin Tasawa a duba wuyan. In an tura shi wurin kine, ya tambayi inda ya koyi aikin allurar, kuma a ɓare sabuwa a gaban idonsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.